Ramar da Na Yi wa Murna

Assalamu alaikum. Sunana Rahma, 'yar Malam Idi mai siriya na unguwar Waziriyya a Jidda, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan Babbar Salla. Waɗanda suka zo mana gaisuwa kusan bakinsu ɗaya: "Kin yi jinya, Rahma, Allah ya ba ki lada." Nakan ce amin, don ba a musu a zaman makoki. Amma ladan nan ban tabbata ina da shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, ko wani gidan ya tsira daga irin wautata.

Ga mutanen gida da ba su san Jidda ba, siriya tsire ne, nan aka sake masa suna. Baba ya zo aikin Hajji yana saurayi, bai koma ba. Ya sha wuya kafin ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya auri Umma, aka haife ni da ƙanina Haisam, mai aikin sito a tashar jiragen ruwa. Ni kuma ina aiki a wani ɗakin gwajin jini a Bagdadiyya. Ni ba likita ba ce, ba nas ba ce. Teburin karɓar mutane nake zama, in karɓi kati in miƙa sakamako. Amma farar rigar da suke ba mu ta hau mini kai. A unguwa Daktora ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Umma shanyewar jiki ce ta ɗauke ta. Ina wurin aiki ta faɗi a kicin, kafin in iso baki ya karkace. Likitoci suka ce hawan jini ne da kitsen jini, wato kolastirol. Kalmar nan ta zauna mini a rai. Ana gama zaman makoki na ja Baba wurin aikinmu aka ɗebi jininsa, sai ga jar kibiya a gefen lambar kitsen, tana nuna sama. Likitan wani ƙaramin asibiti ya rubuta masa ƙwaya. Ya sha na ɗan lokaci ya ce tana sa masa ciwon ƙwauri, ya watsar. Na ce to, tunda magani ya gagara, ni zan zama maganin.

Na ci ɗamara. Na hana tozo, na hana man shanu, na hana mutabbak, soyayyen fulawar nan mai ƙwai da nama a ciki, da yake aika a sayo masa da safe. Shinkafa fara, kifi dafaffe, ganye kamar ana kiwon zomo. Abin da ya fi yi masa zafi shi ne ɗanɗano. Mai siriya na gaske ba ya sayar wa kowa sai ya fara cin yankan farko da ya sauka daga wuta, mai ɗan kitse a jiki, don a nan ake jin ko ƙuli da gishiri da yaji sun daidaita. Tun kafin a haife ni Baba yake yin haka. Na ce shi ma a daina.

"Ya binti, 'yata, mai siriya bai ɗanɗana ba? Ai sai ki ce in riƙa sayarwa ido rufe."

"Baba, na rasa ɗaya. Khalas, magana ta ƙare, ba zan rasa biyu ba."

Amma bai daina ba. Watannin farko yaƙi muka sha. In shinshino maiƙo a gemunsa, ya ce hayaƙi ne. Haisam ya kawo mini gulma cewa an gan shi da kan rago a bayan shago, ya ce aljani ne mai kama da shi. Ina faɗa yana dariya, kibiyar kuma tana nan daram.

Sai rana ɗaya faɗan ya ƙare. Ba zan iya cewa ga ranar ba, na dai lura gemun ya daina maiƙo. In zuba masa kifi ya ɗan taɓa ya ture, ya ce alhamdulillahi. Tumbinsa ya fara saɓewa, ya ƙara huda a bel. Da muka sake gwaji lambar ta sauko. Aka sake, ta ƙara sauka. Ranar da kibiyar ta ɓace gaba ɗaya na yi guɗa a kan teburin aiki har mutanen da ke layi suka waiwayo. Na ɗauki hoton Baba na da da na yanzu na tura wa matan unguwa, na rubuta a ƙasa: ba ƙwaya, ba allura. Mata suka riƙa zuwa tambayata me za su dafa wa mazajensu, ni kuma in gyara zama in yi ta bayani.

Ma'aikata suna da rangwame a wurinmu. Da na so, da an duba masa hanta da jini da komai. Amma ni kitsen kaɗai nake rubutawa, don shi ne maƙiyina, kuma ni nake karanta sakamakon a mota kafin mu iso gida. Likita bai taɓa ganin takardun nan ba. Me zai gani, tunda lafiya ƙalau?

Mutum biyu sun yi mini magana. Na farko Ammu Sale, wato Baffa Sale, mahaucin da ke kawo wa Baba nama, abokinsa tun zamanin da suke kwana a ɗaki ɗaya. Ya tare ni a ƙofar gida da la'asar.

"Rahma, siriyar ubanki ta canza. Yau gishiri ya yi yawa, gobe lami. Zabayin, masu sayen nan na kullum, sun fara ƙorafi, suna raguwa. Kuma in na sauke nama sai ya kau da kai kamar na kawo masa mushe."

Na ce, "Ammu, ai ya daina ɗanɗano ne. Ni na hana."

"Ke kika hana?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Idi ne zai hanu?"

Na ɗauki maganar a matsayin yabo. Na shiga gida ina jin kaina, wai na yi abin da Umma ta kasa.

Ta biyu Gwaggo Uwani ce, ƙanwar Baba, wadda ta zo Umra ta zarce, take sayar da turaren wuta da daddawa gida-gida. Ita ba ta iya kwana-kwana ba. Ta kama wuyan hannunsa ta ɗaga mini.

"Wannan ba ramar lafiya ba ce. Dubi wuyansa kamar na kazar da aka fige. Baki ne ya kama shi, ke kika jawo da yaɗa hotonsa a waya."

Da ta tsaya a rabin farko, wataƙila da na ji. Amma da ta kawo kambun baka sai na samu abin rainawa. Na ce, "Gwaggo, ku a wurinku duk wanda ba shi da tumbi mara lafiya ne." Na zaro takarda na nuna mata, alhali na san ba ta karanta boko. Baba yana zaune yana jinmu. Ya ce, "Uwani, bar Daktora ta yi aikinta."

Azumi ya zo ya ƙara rufe mini ido. Kowa na ramewa da azumi, kowa ba ya cin kirki da sahur. Ya fara cewa bayansa na ciwo, na ce tsayuwar shago ce, na sayo masa man shafawa. Ya fara susa, na ce zafi ne da gumin Jidda, na canza masa sabulu. Kowace alama ta zo ina da amsarta a aljihu.

Bayan Ƙaramar Salla, wata safiya yana alwala a tsakar gida, rana ta haske fuskarsa, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ja shi wurin aikinmu. Ranar ce karon farko da na sa aka yi masa gwaji gaba ɗaya. Ma'aikacin da ya buga sakamakon bai miƙo mini ta taga ba kamar kullum, fitowa ya yi da kansa. Jajayen kibiyoyi sun cika takardar daga sama har ƙasa. Layin kitsen ne kaɗai fes.

Makon farko a yawo ya ƙare. Inshorar da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a iƙama, ya yi wa Baba ta ƙaramin aji ce, asibitocin da ke karɓarta kaɗan ne. Wannan ya tura mu wancan, wancan ya ce sai kamfanin inshora ya amince kafin a ɗauki hoton ciki. Mu zauna a layi tun hantsi, Baba na gyangyaɗi a kan kujerar roba, a kira mu a ce amincewar ba ta iso ba, bukra inshallah, wato sai gobe. Ban san sau nawa na ji bukra ba. Gwaggo a gefe guda ta ce ciwon shawara ne kawai, ta haɗa jiƙo, ta nemo mai ƙaho, ta sa aka kawo nonon raƙumi daga bayan gari. Ban hana ta ba. Bakin da zan hana wani abu da shi ya mutu.

A mako na biyu aka ɗauki hoton. Likitar da ta kira mu 'yar Sudan ce, babbar mace mai magana a hankali. Ta ce akwai ƙari a wani sashe da ke bayan tumbi, wanda suke kira bankiriyas, kuma ya taɓa hanta. Ba ta ce kansa ba, ta ce khabis, mugun nan, yadda mutanen nan ke kauce wa sunan. Haisam ya fita waje. Baba ya ce, "Inna lillahi," ya gyara hularsa. Ta tambaye shi tun yaushe cin abinci ya fita masa a rai, ya ce shi dai ba ya riƙe lissafi.

Da aka fita da shi awo na koma wurinta ni kaɗai, da takardun kitsen nan a hannu. Har lokacin ina neman wanda zai ce mini na yi wani abin kirki. Na ce, "Daktora, amma dubi, kitsensa ya sauka, ba magani." Ta jera su a tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gaya mini ba zan manta ba, ga shi yadda na fahimta.

Ta ce kitse a cikin jini cikin 'yan ƙunshi yake yawo, kuma ƙwayoyin jikin mutum suna da 'yan ƙofofi da ke karɓar ƙunshin nan su shigar ciki. Ta kira su mustaƙbilat, masu karɓa. Danginsu na da yawa, wasu ana ce musu LRP. Ƙari abu ne mai gina kansa ba dare ba rana, ginin kuma na cin kitse, don haka wani irin ƙarin yakan yawaita ƙofofinsa ya riƙa janye kitsen daga jini. Ga hanta ta taɓu ta rage yin nata, ga mutum ba ya ci. Sai lamba ta yi ta sauka, takarda ta yi kyau.

Na ce, "Wato ba abincina ne ya sauke shi ba."

Ta ce, "Abincinki bai kawo ciwon ba, ya binti, ki riƙe wannan. Kuma ba duk wanda kitsensa ya sauka ke da khabis ba, yawanci ma alheri ne. Amma dattijo ya bar magani, yana ramewa, yana ture kwano, lamba na faɗuwa haka? Irin wannan wurin likita ake kai shi."

Na tambaye ta da mun zo da wuri fa. Ta ce wannan nau'in ɓoyayye ne, ko an zo da wuri sau da yawa yakan riga mutane. Ta ce Allah ne masani. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba, amma na lura ba ta ce a'a ba. Daga baya na yi ta bincike a waya kan ƙofofin nan. Na tarar masana kansu ba su gama gane su ba: wasu na taimaka wa ƙari ya bazu, wasu kuma kamar birki suke masa. Su da suka ƙare rayuwarsu a kai suna cewa da saura, ni da farar rigar aro na yanke hukunci a cikin mota.

Mako na uku aka sa masa ɗan bututu don ruwan ɗaci ya samu hanya. Idon ya washe, susar ta lafa, har muka fara sa rai. Aka ce aiki ba zai yiwu ba, sai kimawi, ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da ake yi wa masu kansa. Nan inshora ta ce ta kai iyakarta. Ba zan faɗi abin da muka kashe ba. Na dai san Haisam ya sayar da motarsa, kafilin Baba ya yi abin da ban zata ba, mutanen masallacinmu suka yi karo-karo ba tare da mun roƙa ba. Ammu Sale ya riƙe shagon ya hana shi mutuwa, kullum ya aiko da ciniki cikin leda ya ce kada a gaya wa Idi siriyar ta fi tasa daɗi. Allah ya saka musu. Ma'aikacin inshorar da ya ajiye mu a waya yini guda sannan ya ce takardar ba ta cika ba, shi kuma na bar shi da Allah.

Kimawin bai karɓe shi ba. Bayan zagaye na farko ya yi ta amai, bakinsa ya yi gyambo. Bayan na biyu ya kasa tashi salla sai a zaune. Ni da na yi wata da watanni ina janye masa kwano, yanzu ni ce ke binsa da cokali ina magiya. Likitar abinci ta ce a ba shi duk abin da ransa ke so, mai maiƙo ma ya fi, don ya samu ƙarfi. Ina tsaye ta faɗa. Gwaggo ta dube ni, na jira ta yanka mini magana, na ma fi son ta yanka. Sai kawai ta karɓi cokalin daga hannuna ta ce in je in huta. Ita ta riƙa yi masa wanka da juyi har ƙarshe, tana tsoron shiga asibiti saboda ba ta da takarda, amma tana shiga.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In tsohonka ya bar abin da ya fi so a duniya ba tare da faɗa ba, kada ka yi murna tukuna, ka tambaye shi dalili. In yana ramewa, ko da kai ka sa shi, ka kai shi likita ya taɓa cikinsa da hannu. Kada ka gwada abu ɗaya ka ce ka duba lafiya. In kuma kana aiki kusa da likitoci har unguwa na kiranka da sunansu, ka gyara musu tun da wuri.

Makonsa na ƙarshe a asibiti muka yi. An daina kimawi, sai maganin rage zafi. Maganin ya sa Larabcin da ya yi shekaru yana ciniki da shi ya janye, ya koma Hausa zalla, irin ta ƙauyensu, har da kalmomin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Nas ta yi magana ya amsa da Hausa, sai na zama tafinta.

Wata safiya likitar nan 'yar Sudan ta shigo da ɗalibai, ta nemi izini su ji tarihin ciwon daga bakinsa. Baba ya wartsake ranar, har ya sa an ɗaura masa hula. Ta sake yi masa irin tambayar da ta yi tun farko, tun yaushe ya daina son nama. Na juya masa da Hausa.

Ya ce, "Tun kafin kibiyar nan ta fara sauka. Wata rana na ɗauki yankan farko na kai baki, sai zuciyata ta tashi. Daga ranar ko warinsa ba na so."

Na fassara. Likitar ta ce, to me ya hana shi faɗa a gida? Na juya masa wannan ma, don ba yadda zan yi.

Bai dubi likitar ba, ni ya duba. Ya ce, "Na so in faɗa. Sai kika zo da takarda kina tsalle. Tun da uwarki ta rasu ban ga haƙorinki ba sai ranar. Na ce bari in bari sai wani watan. Wani watan kika zo kin fi murna."

Ɗalibai riƙe da alƙalami suna jira. Likitar ta ce, "Esh gal? Me ya ce?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito da Larabci shi ne, "Ya ce ya jima."

Baba ya ji ni sarai. Ashe Larabcin na nan, bai tafi ko'ina ba. Ya juya kansa a kan matashi ya dubi likitar, ya ce da harshen da ya yi kwanaki bai taɓa ba, "Aiwa, ya Daktora. Min zaman, ya jima. Tsufa ne, na manta ban faɗa ba."

Ta rubuta haka, suka wuce gado na gaba. Ya rasu kafin Juma'a. Duk wanda ya karanta wannan, ya roƙa wa Malam Idi gafara, ya haɗa da ni.